'Yar Rawar da Ta Kira Ni Kaka

Shekarun baya kaɗan, a shekarar da korona ta sa aka kulle duniya, ina Kuala Lumpur. Ba yawon buɗe ido na je ba, ni da ko Kaduna sai da dalili. 'Yata ce ta haihu, mijinta yana koyarwa a wata jami'a a can, aka ce in je in yi mata wankan jego in dawo. Na ƙulle kanwata da yajina da man kaɗanya na hau jirgi. Ko arba'in ba a yi ba aka rufe filin jirgi, aka ce kowa ya zauna inda yake. Wata uku na shirya yi, na ƙare da shekara har da ɗoriya.

Gidan a unguwar Sentul yake, wani dogon bene, mu muna can sama. Ɗaki biyu da falo. Duk wadda ta taɓa zama gida ɗaya da surukinta ta san halin da na shiga. In ya fito falo in shige ɗaki, in na fito ya tattara kwamfutarsa ya gudu. Ba tsakar gida, ba zaure, ba maƙwabciyar da za ki leƙa ki ce ina kwana. Sai na samo wa kaina wuri. Ƙofofinsu bibbiyu ne, ta katako daga ciki, ta ƙarfe mai raga daga waje. Sai in buɗe ta katakon in kafa kujera a bayan ragar, ina jan carbi ina kallon barandar da ta ratsa tsakanin gidaje. 'Yata ta ce na zama maigadi. Na ce ai dole wani ya san mai shiga da mai fita.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata tsohuwa ce 'yar ƙasar, ita kaɗai take zaune. 'Yar ƙarama, siririya, ta girme ni nesa ba kusa ba. Kullum da hantsi ana rataye mata abinci a jikin ragarta, amma ba za ta fito ɗauka ba sai da kwalli da jan-baki. Jan-baki fa, a wannan shekarun, a lokacin da kowa bakinsa a rufe yake. Ga yadda take miƙa hannu ta ɗauki ledar, yatsu a lanƙwashe, kai a karkace, kamar ana ɗaukarta hoto. Na ce a raina wannan dai akwai labari.

Ranar da ta fara ganina a kujerata, ta yi murmushi ta ɗaga hannu ta ce, “Kaka!”

Na waiwaya ko da wata a bayana. Babu kowa. Ni take nufi. Matar da ta isa ta haife ni ita ce ke ce mini Kaka. Jikoki ina da su, alhamdulillahi, amma babu ita a cikinsu. Na ɗauka irin rainin nan ne na masu ganin sun waye, ta ga ni ba hoda ba jan-baki, sai zani da mayafi, ta mayar da ni tsohuwar ƙauye. Ban amsa ba. Kashegari ta sake, ban amsa ba. Haka muka yi ta yi, ita ba ta fasa ba, ni ban sauko ba. Ban kuma gaya wa 'yata ba, don ba zan zauna in ce wa 'yar cikina an yi mini gorin tsufa na ji haushi ba.

Wata rana bayan azahar 'yata tana shayarwa a gaban talabijin. Lokacin kullen sabon abu ya ƙare wa tashoshinsu, sai tsofaffin finafinai marasa kala suke ta maimaitawa. Sai ji na yi ta ƙwala mini kira.

“Umma! Zo da sauri ki ga maƙwabciyarki.”

Na zo. Wata yarinya ce da ba ta wuce sha bakwai ba, da furanni a gashi, kowane tafin hannu da ɗan faranti, kowane faranti da kyandir a kunne. Tana juya hannuwan sama da ƙasa, har ta kifa su, wutar ba ta mutu ba, farantin bai faɗi ba. Da ta karkata kai ta kalli gefe, na gane ta. Fuska ta tafi, amma karkata kan nan yana nan.

“Au,” na ce. “'Yar rawa ce. Shi ya sa.”

“Shi ya sa me?”

“Sauya tasha. Jaririya na kallo.”

“Umma, ko hannunta ba ta gane ba tukuna.”

Daga ranar na rufe shafinta. In ta fito ma kallon carbina nake yi.

Amma ido ba ya daina aikinsa. Wata safiya aka rataye mata abinci, hantsi ya wuce, aka yi azahar, leda tana nan. Ba kuma na jin ɗan kiɗan rediyonta da ya saba damuna. Na tashi na tsaya a ƙofar ɗakin surukina, abin da ban taɓa yi ba, na ce ta bayan labule a je a duba matar nan. Ya kira masu kula da benen suka buɗe. A banɗaki aka same ta, ta zame tun da safe, ƙashin cinyarta ya karye.

An yi mata aiki a asibiti, aka dawo da ita da wani ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Wata ma'aikaciyar jinya tana leƙo ta da safe, 'yata kuma tana kai mata abinci. A nan 'yata ta jiyo yadda ake ciki. Tsohuwar ba ta da ɗa ko jika, sai ɗan ƙaninta da ke wata jiha mai nisa, ga shi an hana tsallaka jiha. Ya gaya mata ta waya cewa da zarar an buɗe hanya zai zo. In ya same ta tana iya takawa da ƙafarta daga ƙofarta zuwa bakin lif, na'urar nan ta hawa da sauka bene, zai bar ta a gidanta. In ba ta iya ba, gidan tsofaffi zai kai ta.

“Gidan me?” na ce.

“Inda ake tara tsofaffi ana kula da su. Kuma yanzu ko ziyara ba a bari a shiga.”

“Ita me ta ce?”

“Ta ce gara ta mutu a kan tabarmarta. Likita ya ce ƙashin ya kama, amma ta ƙi takawa. Da ta miƙe sai jikinta ya hau rawa ta koma ta zauna. Kuma kullum sai ta tambaye ki.”

“Ni? Ta ce ina Kaka ko? To ki gaya mata ciwo daban, rashin kunya daban. Ni ba kakarta ba ce.”

'Yata ta tsaya tana kallona. Sai ta ajiye jaririya a kujera, ta riƙe ciki, ta yi ta dariya har da hawaye. Da ƙyar ta iya magana.

“Umma, *kakak* take cewa. Ba sa fito da ƙarshen ne. A yarensu Yaya ke nan. Wai duk watannin nan fushin da kike yi ke nan?”

“Wa ya ce miki fushi nake?”

Na ci gaba da jan carbina. Sai kuma abin ya dawo mini ta wata ƙofar. “Tsaya. Yaya? Ni ce yayarta? Matar da ta yi rawa tun talabijin ba kala?”

'Yata ta tsallaka ta tambayo ta. Ta dawo tana share ido. Wai ta ce a sana'arsu ba macen da take yarda ta girmi wata. Tun tana budurwa kowace mace Yaya ce a wurinta, har waɗanda suka fito a 'ya'yanta a fim. Ashe ba ƙara mini shekaru take yi ba, nata take ragewa. Na so in ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mini.

Washegari na dafa ruwa da ganyen darbejiya, ragowar wanda surukina ke sayo mana a shagon Indiyawa don wankan jego. Na juye a babbar roba, na ɗauki tawul da man kaɗanya. Surukina ya fito yana sosa ƙeya.

“Hajiya, ga jaririya a gida, ga halin da ake ciki...”

“Ni ba na fita, ita ba ta fita. Ta ramin makulli cutar za ta shigo?”

“A dai sa takunkumi, Hajiya. In an dawo a wanke hannu. Kuma likitanta ya ce ruwa mai ɗumi, ban da ja, ban da murɗawa.”

Na bi duk abin da ya ce, don gaskiyarsa ce, ko da yake ban gaya masa ba.

Ɗakinta tsaf yake, bango duk hotuna. Ina gasa mata cinya, 'yata na tsaye da goyo tana yi mana tafinta. Ni kuwa in ina son sanin abu tambaya nake yi, ba na kewaye.

“Tambaye ta, iyayenta na raye ta fara wannan abin?”

Ta ce ubanta ya rasu tana ƙarama, uwarta wanki take yi wa mutane, ga ƙanne. Akwai wani filin shaƙatawa da ake kafa dandamali, 'yan mata na rawa. Nan ta fara, da takalmin aro. A nan wani mai shirya fim ya gan ta, ya kai ta Singapore, don a lokacin can ake yin finafinansu. Ta ce shekarun farko ko magana ba a ba ta, tana layin baya ne cikin masu rawa. Da aka matso da ita gaba ma, in tana waƙa a fim bakinta ne kawai ke motsi, muryar ta wata ce.

“To ita me nata a ciki?”

“Ta ce ƙafa da hannu. Su ba a iya aro.”

Ta nuna mini tafin hannunta, duk tabon kakin kyandir. Ta ce fitilun ɗaukar hoto sun fi rana zafi, ga kaya masu nauyi, in aka kuskure taku ɗaya a koma farko. Sau da yawa da ƙafa a kumbure take komawa masauki, ta jiƙa a ruwan gishiri, gari ya waye ta koma.

“Miji fa?”

Tsohuwar ta taɓe baki kafin ma a fassara, kamar ta san inda zan dosa. Ta yi aure sau ɗaya. A fim ya gan ta ya so ta, da aka ɗaura ya ce ta bari. Ta bari na shekara guda, ƙannenta suka fara zaman gida ba makaranta, ta koma. Ya sake ta.

Da talabijin ya zo finafinan suka ja baya, sai ta dawo Kuala Lumpur ta shiga wasan kwaikwayo. Ta fito a amarya, ta fito a uwa, daga baya aka maƙala mata muguwar uwar miji, ta shekara da shekaru tana yi. Ta ce wata rana tana zaɓen yadi a Jalan Tuanku Abdul Rahman, titin masu sayar da yadudduka, wata mata ta tare ta ta ce ta ji tsoron Allah ta ƙyale yarinyar nan ta zauna da mijinta lafiya. Ta ce ranar ta san ta iya aikinta. Daga nan kira ya fara raguwa, har wayar ta yi shiru gaba ɗaya. Ta je Makka, ta dawo ta naɗe kayan rawa ta rabar.

“Gaya mata ni dai ban ga kyan mace ta yi rawa a gaban maza ba.”

“Umma, ba zan faɗa ba.”

“Faɗa mata.”

Ta faɗa. Tsohuwar ta gyaɗa kai ta ce ƙaninta ma haka ya ce, bayan ya gama karatu da kuɗin rawar. Na ci gaba da matse tawul.

Gashin ya sauke kumburi, amma bai sa ta taka ba. Ni da nake ji da hannuna, na yi iya yina. Sai in ɗaga ta, ta kama ƙarfen, ta kalli ƙasa, gwiwa ta hau karkarwa, ta koma. Na yi lallashi, na yi faɗa da Hausa, ta rama da yarenta. Ga labari ana ta yi cewa an kusa buɗe hanyoyi.

Wata rana na gama gashi, 'yata ta tafi kwantar da jaririya, muka rage mu biyu ba mai jin wata. Ƙaramar robar da nake ɗibar ruwa da ita ta kife a cikin babbar, tana yawo a kan ruwan. Ban san lokacin da na fara buga ta da yatsu ba. Ƙarar ta fito kamar ta ƙwarya a kan ruwa, irin kiɗan da mata ke yi a ƙauyenmu muna yara in ana biki. Hankalina yana gida, ina tunanin ko an yi shuka. Da na dubi ƙasa, yatsun ƙafarta na motsi. Sai diddige ya ɗaga ya sauka, daidai kan bugun.

Na tsaya. Ta ɗago ta harare ni.

“*Lagi*,” ta ce. Wannan kam na sani, don haka 'yata ke ce wa mai kawo kayan miya in tana son ƙari.

Na ci gaba. Ta kama ƙarfen ta miƙe. Ba ta kalli ƙasa ba, bango ta kalla, ta ɗaga haɓa. Ƙafar dama ta tafi, ta hagu ta bi. Ba ta yi nisa ba, daga gado zuwa kujera ne, amma ta je. Da ta zauna ba ta yi kuka ba, ba ta gode ba. Hannu ta ɗaga ta nuna mini na cika sauri.

'Yata na shigowa ta same ni durƙushe gaban roba.

“Lallai. Umma, ba ke kika kori masu kiɗan ƙwarya ranar kamuna ba? Har da cewa gidanki ba dandali ba ne?”

“Wannan magani ne.”

“To, likita. Allah ya ƙara basira.”

“Za ki fassara ko za ki tsaya surutu?”

Tun daga nan kullum da hantsi sai na yi kiɗa. Ni ana cewa ina da tsanani, to na haɗu da wadda ta fi ni. In na yi sauri ta buga ƙarfen a ƙasa. In na yi sanyi ta ce makaɗin barci aka kawo mata. Ta ce a zamaninsu in makaɗi ya ɓata, mai rawa ake sa wa ta maimaita, don haka ba ta yafe wa makaɗa. Na ce a gaya mata ni ba makaɗiya ba ce, jikar malamai ce. Ta ce ta ji a hannun. Da haka muka bar ɗaki muka fito falo, aka ajiye mai ƙafa huɗu aka ɗauki sanda.

Da aka buɗe hanya ɗan ƙanin ya zo. Dattijo ne shi ma, da furfura a gemu da hula, mai ladabi. Ba mugu ba ne, tsoro yake ji kada a sake tsintar ta a banɗaki. Tun kafin ya iso tsohuwar ta aiko 'yata ta ce kada in fito da roba, ba ta so ya ga kamar wasa ake. Sai na koma kujerata a bayan raga.

Ta fito da kwallinta da jan-bakinta da sanda. Shi ya je bakin lif ya tsaya. Ta fara takowa lafiya lau. Da ta kai tsakiyar barandar, inda ba bangon dafawa kusa, sai ta kalli ƙasa. Na ga gwiwar ta fara. Ya ɗaga ƙafa zai taho ya kama ta, na kuma san in ya kama ta magana ta ƙare.

Akwai zoben azurfa a hannuna. Na ɗora shi a kan ƙarfen ragar na fara bugawa a hankali, yadda ta koya mini, ba sauri. Haɓarta ta ɗaga. Ta tafi har bakin lif, ta danna maɓallin da kanta.

Ya juyo ya kalle ni. Na kalle shi irin kallon da nake yi wa mai awo in ya tauye mudu. Ya tambayi 'yata dalilin bugun, ta gaya masa gaskiya. Sai ya ce wani abu a hankali.

“Me ya ce?”

“Ya ce to in kin koma ƙasarku, wa zai buga mata?”

Tambaya ce ta gaskiya. Na sauke hannuna daga ragar na ɗora a cinya.

Tsohuwar ce ta amsa, da 'yar gajeriyar magana. Sai ta juya ta kamo hanyar ƙofarta. Baranda shiru, ba mai buga komai. Da ta zo wucewa ta gabana na ga ɗan yatsanta yana bugun kan sandar, leɓenta na motsi. Ta shige, ta juyo, ta tsaya a bakin ƙofarta tana jiran sa.

“Ta ce makaɗi tayarwa kawai yake yi,” in ji 'yata. “Sauran na mai rawa ne.”

Mutumin ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Daga baya ya gaya wa surukina cewa bai taɓa ganin fim ɗinta ko ɗaya ba, babansu ya hana a gidansu. Ya samo mata mai aiki da ke zuwa da safe, ya sa aka kafa mata ƙarfen dafawa a banɗaki, ya koma garinsu shi kaɗai.

Ra'ayina a kan rawa bai sauya ba, kada wata ta karanta wannan ta turo mini katin biki da makaɗa. Abin da ya sauya shi ne, da can in aka ce 'yar fim, hoto ɗaya nake gani. Yanzu ina ganin tabon kaki a tafin hannu, da ƙafa a ruwan gishiri, da ƙannen da aka yi wa karatu. Hisabinta ba a hannuna yake ba, na gode Allah da haka, don nawa ma ya ishe ni. Na dai san na zauna da mace da ta riƙi aikinta da gaske, irin riƙon da ban cika gani ba ko a wajen masu sana'ar da ake yabo.

Na dawo Kano da jirage suka tashi. Bayan kamar shekara biyu, wata ranar da la'asar, 'yata ta kira ni ta ce tsohuwar ta rasu. Na yi salati. Na ce a ina?

Ta ce, “A ɗakinta, Umma. A kan gadonta.”

Na ce to alhamdulillahi. Na ajiye wayar, na tashi na ɗauro alwala.